Kun Tambaya, Mun Amsa: Ginshiƙan Zuriya na Mutanen Haida

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan abu ɗaya suka taru: dogayen itatuwan nan da aka sassaƙa wa fuskokin tsuntsaye da dabbobi, wannan bisa kan wancan, da ake gani a hotunan yammacin Kanada. Turawa na ce musu totem, kalmar da suka aro daga harshen Ojibwe, mutanen da ke can nesa a tsakiyar nahiyar, waɗanda ba su ma da al'adar sassaƙa irin wannan itace. Su Haida gyaa'aang suke cewa. Mu a nan za mu kira su ginshiƙan zuriya. Haida na zaune a tsibiran Haida Gwaii cikin tekun Fasifik, daura da gaɓar lardin Birtish Kolombiya. Har zuwa 2010 taswira na kiran wurin tsibiran Sarauniya Shalot. Manyan garuruwansu a yau su ne Old Massett da Skidegate, sai 'yan uwansu na Hydaburg a Alaska.

Tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah waɗannan itatuwa gumaka ne da ake bauta wa? Ɗalibaina ne suka tsare ni da tambayar. Daga wani malamin sakandare, Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba gumaka ba ne. Ba a yi musu sujada, ba a yi musu yanka, ba mai zuwa gindinsu da buƙata. 'Yan mishan da yawa da suka shiga yankin a ƙarni na 19 sun yi musu irin wannan kallon, har ta kai an sare wasu an hura wuta da su. In kana son misalin da yara za su kama nan take, ce musu tsagar gado ce aka yi wa gida maimakon fuska, ko kirarin gidan sarauta ne aka zuba a jikin itace.

Al'ummar Haida ɓangare biyu ce, Hankaka da Gaggafa. Ɗa dangin uwarsa yake bi, kuma a al'ada Hankaka ba ya auren Hankaka. Cikin kowane ɓangare akwai dangogi, kowane dangi da alamominsa. Alamar nan dukiya ce kamar gona. Ana samunta ta gado, ko ta kyauta tsakanin manya, ko a madadin bashi, kuma wanda ya sassaƙa alamar da ba tasa ba ya tsokano tsuliyar dodo.

Ginshiƙan ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai na gaban gida, wanda ake mannawa a tsakiyar bangon da ke kallon teku. A wasu tsofaffin gidaje ƙofar shiga rami ce a cikin dabbar da ke ƙasa, sai mutum ya sunkuya ya wuce. Akwai na tunawa, wanda magaji ke kafawa don basaraken da ya gada. Sai na gawa: gajere ne mai kauri, ana kafa shi kai a ƙasa, gindin itacen mai faɗi yana sama, a fafe shi a sa akwatin da ke ɗauke da gawar babban mutum, a rufe gaban da allo mai sassaƙa. Wannan na ƙarshen kabari ne, ka riƙe wannan, don za mu komo kansa.

Tambaya: Ni duk fuskokin kama suke yi mini. Yaya ake gane wannan dabba daga waccan? Kuma wanda ke can ƙololuwa shi ne babba? Daga wata ɗaliba, Maraɗi.

Amsa: Dubi baki, 'yar uwa, a nan asirin yake. Hankaka bakinsa dogo ne miƙaƙƙe. Na gaggafa ya lanƙwaso a ƙarshe yana kallon ƙasa. In bakin ya lanƙwaso har ya koma ya taɓa leɓe, shaho ne ko wani danginsa. Beyar na da gajerun kunnuwa a tsaye, haƙora a jere, farata, sau da yawa harshe a waje. Biba, dabbar nan mai datse rafi da itatuwa, ba ta ɓuya: manyan haƙoran gaba biyu, wutsiya mai faɗi da aka yi wa zane kamar raga an naɗo ta gaba, wani lokaci da sanda a hannu. Kwaɗo ba kunne ba haƙori, sai faffaɗan baki. Oka, ƙaton dabbar tekun nan mai baƙi da fari, ana gane ta da doguwar ƙayar baya da ramin numfashi a ka. Ƙaramin kifin shak kuwa goshinsa ya yi tozo sama, bakinsa ya karkato ƙasa kamar mai fushi, ga tsage-tsage a kumatu.

A can sama za ki ga mutane ƙanana, sau da yawa uku, da dogayen huluna. Su ne masu gadi, suna kallon teku da gari. Zobban da ke jere a hular alamar daraja ce, ana danganta su da bukukuwan da mai gidan ya yi.

Batun na sama ya fi na ƙasa, ba ƙa'ida ba ce. Sau tari babbar alamar gidan tana ƙasa, daidai idon mai wucewa, kuma a nan gwani ke zuba basirarsa. Kada ki ɗauka rubutu ne da za ki karanta daga sama zuwa ƙasa. Ko kin gane kowace dabba, labarin da ya haɗa su yana bakin dangin da suka mallake shi.

Tambaya: Sana'ata sassaƙar turmi da kujera. Wane irin itace ne ke ba da tsawo haka bai tsage ba, kuma da wane kayan aiki? Daga wani masassaƙi, Gaya.

Amsa: Sannu da aiki, maigida. Itacen shi ne jan al'ul na yammacin Amurka ta Arewa, wanda masana tsirrai ke kira Thuja plicata. Ba ɗaya suke da al'ul na Lebanon ba, suna ne kawai ya haɗa su. Yana miƙewa sambal har mita 50 ko 60, yana iya haura shekara 1,000 a raye. Ba shi da nauyi, kubik mita guda busasshe bai fi kilo 370 ba, yana da laushi a bakin gizago, kuma jan cikinsa na ɗauke da sinadarin da ke hana ruɓa.

Aikin daga daji yake farawa, a nan kuma ake yawan yin asara. Tsohon al'ul yakan ruɓe ta ciki daga gindi alhali waje lafiya lau. Ana ƙwanƙwasa shi da ƙeyar gatari a saurara: in ya yi amo kamar ganga, fanko ne. Mutanen dā har rami suke sarawa su leƙa ciki, kuma har yau ana cin karo da itatuwan da aka yi wa wannan gwaji aka bari a tsaye. Ana duba layin ɓawo, in ya murɗe kamar igiya, naman itacen ma a murɗe yake, zai karkace in ya bushe. Gefen da ba rassa, wanda bai samu rana sosai ba, shi ake mayarwa fuska, domin kowane gurbin reshe ƙulli ne da zai ɓata ido ko hanci.

In an kawo gungumen sai a ɗora shi kan matasai, a ɓare ɓawo, a feƙe farin naman da ke bayansa gaba ɗaya. Bai wuce kaurin yatsa biyu ba, amma ba shi da wancan sinadarin, shi ke fara ruɓewa. Daga nan a kifa shi a fafe bayan kamar za a yi kwalekwale. Ka san dalili daga turmi: itace in yana bushewa ya fi tsukewa ta kewaye fiye da ta tsakiya zuwa waje. A jan al'ul kusan kashi 5 cikin 100 ne ta kewaye, kashi 2 da rabi ta ɗaya hanyar. Gungumen da aka bari da cibiyarsa dole ya yage don ya huce. In an cire cibiyar, sai ya ɗan tsuke bayansa, fuskar ta tsira, nauyi kuma ya ragu sosai.

Sai a juyo shi, a ja layi da igiya daga kai zuwa gindi a tsakiya daidai. Duk awo daga wannan layi ake yinsa, kuma duk lokacin da sara ya cinye shi sai an sake ja. Ana raba tsawon gida-gida, kowace siffa da nata, bisa ƙaramin samfuri ko zanen da mai ginshiƙin ya amince da shi. A yau zarton inji ne ke cire manyan ɓarori, ba wanda ke jin kunyar haka. Bayansa sai gizago mai gwiwa, wanda ƙotarsa mahaɗar reshe ce, tana da ɗan danƙo da ke dawo da bakin bayan kowane sara. Akwai wani gajere mai mariƙi kamar na buta, ga cizal, ga wuƙaƙe masu lanƙwasasshen baki na rarake kwarmin ido. Ana gama gefe ɗaya a kwafe shi zuwa ɗayan da ma'auni na kwali, a dā na ɓawon itace. Sau da yawa maigida na gefe guda, yaronsa na bin sawunsa a ɗayan. Dogon bakin hankaka, fiffike da ƙayar oka daban ake sassaƙa su, a yi musu gurbi a soke da turakun itace.

Abubuwan da ke ɓata aiki sanannu ne. Bushewa da gaggawa ita ce ta farko, shi ya sa ake sassaƙa itacen yana ɗanye, ana yayyafa masa ruwa, a rufe da tamfol in an tashi, a shafe kai da gindi da kakin zuma ko fenti tunda ta nan ruwa ya fi saurin fita. Dakusasshen baki ba ya yanka al'ul, murƙushe shi yake yi. Zurfafa sara tun da wuri kuskure ne da ba ya gyaruwa. Ƙusar baƙin ƙarfe na sa itacen ya yi baƙin tabo, ita ma ta ci tsatsa. Ƙurar al'ul kuma tana jawo asma, mai aiki da inji ya rufe hanci. Gamawa ba da sampefa ake yi ba: ƙananan sawun gizago ne a jere reras kamar saƙa, a nan ake gane hannun gwani. Babban ginshiƙi kan ci watanni, wani shekara, wani fiye.

Kafin zuwan jiragen Turawa a 1774 akwai sana'ar, da kayan dutse, ƙwarya ta teku, haƙorin biba da ɗan ƙarfen da teku ke turowa. Wani ma'aikacin jirgi, John Bartlett, ya zana ginshiƙin gaban gida a ƙauyen Dadens a 1791. Cinikin fatu ne ya kawo ƙarfe da dukiya a wadace, ginshiƙai suka yawaita a ƙarni na 19. Matsalar yau ita ce itacen kansa: kamfanonin katako sun cinye manya da yawa, barewar da aka shigo da ita tsibiran kuma na cinye 'ya'yan al'ul tun suna tsiro.

Tambaya: Wasu na gani da launi rangaɗau, wasu fari fat kamar toka. Wanne ne na asali? Daga wani mai fenti, Kumasi.

Amsa: Tsofaffin ginshiƙan Haida ba a cika musu fenti ba. Launi uku ne: baƙi daga gawayi ko baƙin dutse, ja daga jar ƙasa, daga baya kuma jan garin da 'yan kasuwa ke kawowa, sai shuɗi mai ratsin kore daga wani ma'adini. Abin haɗawa ƙwan kifin salmon ne, a tauna shi cikin ɓawon al'ul a tofa ruwan a kwano, a niƙa garin launi a ciki. Gira, ƙwayar ido, leɓe, hanci da harshe ake shafawa, sauran jiki a bar shi itace. Fari fat ɗin da ka gani aikin rana da ruwan sama ne, cikin 'yan shekaru al'ul ke komawa ruwan toka. Masu launi rangaɗau daga kai har gindi, wasu salon maƙwabta ne na kudu, wasu kuma ɓarnar masu gyara ce da suka lafta fentin gida kan tsohon aiki don burge 'yan yawon buɗe ido. Irin wannan fenti ya rufe sawun gizago, ya kuma kulle ruwa a ciki.

Tambaya: Yaya suke ta da itace mai tsawon mita 12 ba tare da injin ɗaga kaya ba? Daga wani magini, Damagaram.

Amsa: Da igiya da jama'a. Ana barin gindin ba sassaƙa, wajen mita 2 ko fiye, wani lokaci a babbake shi. Ramin ba miƙe ake haƙa shi ba: gefe ɗaya gangare ne kamar kwata, ɗaya gefen a tsaye da katako a jingine don gindin ya tokare shi ya zame ƙasa. Jama'a su ɗauko ginshiƙin kan sanduna da aka gitta ƙarƙashinsa, su kwantar da shi a gangaren fuska sama. Wasu su ɗaga kan da hannu, ana cusa itatuwa biyu da aka ɗaure kamar almakashi suna tallafe shi, ana matsar da su gaba kaɗan-kaɗan. Manyan igiyoyi sun bi ta kan wani dogon tallafi zuwa hannun masu ja, wasu igiyoyin na hagu da dama don kada ya kauce. Wurin haɗari shi ne tsakiyar tafiya, lokacin da ya fi ƙarfin masu tallafe amma bai zauna a ramin ba. Shi ya sa murya ɗaya ake bi, da ganga. In ya miƙe a juya shi ya kalli teku, a cika ramin da duwatsu ana dannawa. Masassaƙin ya fito ya yi rawa da kayan aikinsa a rataye.

Amma fa ta da shi rabin aiki ne. Dole a yi fotlac, bikin da mai ginshiƙi ke ciyar da jama'a, a faɗi labarin kowace alama a bainar mutane, a raba kyauta. Kyautar ladan shaida ce: wanda ya karɓa ya yarda abin da aka faɗa gaskiya ne, kamar goron ɗaurin aure. A al'ada ma masassaƙin daga ɗaya ɓangaren ake ɗauko shi, a biya shi a gaban kowa. Ka ga ke nan dokar Kanada da ta haramta fotlac daga 1885 zuwa 1951 ta sare sana'ar daga tushe, ko da ba ta ambaci sassaƙa ba.

A watan Agusta na 1969 masassaƙin Haida Robert Davidson, yana ɗan shekara 22, ya kafa ginshiƙi a Old Massett, na farko a garin cikin kusan shekara 90. Jinin Charles Edenshaw ne, babban gwanin da ya rasu a 1920. Bill Reid, wani shahararren masassaƙin Haida, ya kafa nasa a Skidegate a 1978. A 2001 an ta da shida a Kay Llnagaay, inda cibiyar al'adun Haida take yanzu. A 15 ga Agusta, 2013 aka ta da na Windy Bay a kudancin tsibiran, mai kusan mita 13, aikin Jaalen Edenshaw da mataimakansa, da igiya da hannu. A jikinsa har da alamar girgizar ƙasar da ta afka wa tsibiran a 2012.

Tambaya: Na ga hoton wani kufai, ginshiƙai sun karkace, ciyawa ta tsiro a kansu. An ce UNESCO ta san da wurin. Wannan ba sakaci ba ne? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Garwa.

Amsa: SGang Gwaay kika gani, Hajiya, wanda tsofaffin littattafai ke kira Ninstints, a ƙarshen kudancin tsibiran. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1981. Ba sakaci ba ne, shawara ce aka yanke.

Yadda ya zama kufai: agana ta 1862, da ta taso daga Biktoriya, babban birnin Birtish Kolombiya, da cututtukan da suka biyo bayanta sun yi wa Haida kisan kiyashi. Al'umma mai dubban mutane ta koma ƙasa da 600 a wajen 1915. Waɗanda suka rage suka bar ƙauyukansu suka taru a garuruwa biyu. A 1957 wata tawaga, har da Bill Reid a ciki, ta je SGang Gwaay ta sare ginshiƙan da suka fi lafiya, ta yanka su gunduwa-gunduwa aka kai gidajen adana kayan tarihi a Biktoriya da Bankuba. Mafi yawan waɗanda suka rage a tsaye na gawa ne. Kin tuna mun ce kabari ne? To, a wurin Haida ginshiƙi yana da rai irin na mutum: a haife shi da biki, ya tsufa, ya faɗi, ya koma ƙasa. A wannan yanayi mai ruwa, inda wasu wurare a gaɓar yamma ke samun sama da milimita 4,000 a shekara, alhali Kano ba ta cika kai 1,000 ba, ginshiƙi kan yi shekara 60 zuwa 80, ƙalilan ne ke haura 100. A dā in ya faɗi ba a ta da shi, sai dai a sassaƙa sabo a yi sabon biki.

Abin da ake yi a wurin shi ne jinkirta ruɓewar ba tare da an taɓa jikin aikin ba. Ana cire 'ya'yan itatuwan da ke tsirowa a kai kafin saiwarsu ta tsaga itacen. An sare itatuwan da ke yi musu inuwa don rana da iska su busar da su. An gyara magudanar ruwa a gindi, an zuba tsakuwa. A 1995 an miƙar da wasu da suka karkace. Masu gadi na Haida na zama a wurin duk lokacin baƙi, ba a barin fiye da mutum 12 su sauka a lokaci guda, kowa kuma kan hanyar da aka shata yake bi. Mu a ganinmu wannan ya fi abin da aka yi a 1957 mutunci, ko da yake gaskiya ce ginshiƙan da aka kwashe su ne matasan masassaƙa suka je suka yi ta aunawa da aka zo farfaɗo da sana'ar.

Tambaya: Ina aiki a wani gidan adana kayan tarihi. Muna da ƙyamare da ginshiƙai na itace masu sassaƙa, wasu a waje. Me za mu koya daga masu kula da na Haida? Daga wani ma'aikaci, Jos.

Amsa: Da farko, ruwa. Ƙwayoyin da ke ruɓar da itace ba sa aiki in damshin cikinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Ginshiƙi ta wuri biyu yake mutuwa: kai, inda bakin jijiyoyin itace ke shan ruwan sama, da daidai inda ya haɗu da ƙasa. A wurare irin su gandun tarihi na Sitka a Alaska, inda aka kai ginshiƙan Haida da dama bayan babban baje kolin duniya na 1904 a Amurka, ba a binne gindin yanzu. Ana kafa wani turke daban a ƙasa, a ɗaura ginshiƙin a jikinsa ta fafaffen bayan, gindin na sama da ƙasa iska na ratsawa. Kai kuma a yi masa hula ta jan ƙarfe ko dalma. Kada ka kuskura ka zuba kankare kewaye da itace. Itacen zai tsuke, rata ta buɗe, ruwa ya shiga ya rasa mafita, ka yi masa kwano da hannunka.

Haka nan tsaga. Hannu na ƙaiƙayin a cike ta da siminti ko danƙo, amma tsagar na buɗewa da rani ta rufe da damina. Abu mai tauri a cikinta ya zama weji, sai ta ƙara yagewa. A share ta da burushi mai laushi a bar ta. Banish da fenti mai sheƙi su ma a guje su, dalilin da muka faɗa wa mai fenti. Wanki da injin feshin ruwa mai ƙarfi na kwashe fatar itacen tare da sawun gizagon, gansakuka da hannu da cokalin itace ake cire ta.

Maganin da suka fi amfani da shi gishirin boron ne, wajen kilo 1 a lita 9 na ruwa, a fesa ko a shafa bayan an share. Yana bin damshi ya shiga ciki, yana kashe funfuna da ƙwari, kuma bai kai tsofaffin magunguna guba ba. Aibinsa ruwan sama na wanke shi, don haka in ya bushe ana bin sa da man da ke korar ruwa amma ya bar itace ya yi numfashi, a maimaita bayan 'yan shekaru. A gwada a ɓoyayyen wuri tukuna in akwai tsohon launi. Tsofaffin kaya kuma a taɓa su da safar hannu, domin gidajen tarihi da yawa a dā sun yi feshi da guba irin su asenik.

Inda namu ya bambanta: su tururuwar itace da funfuna ke damunsu, mu gara. Ɗaga kaya daga ƙasa da nesanta su da bango, yadda za ka ga hanyar gara tun tana farawa, ya fi kowane feshi. Sai hunturu. Itacen da ya sha damina a waje, in ka shigar da shi busasshen ɗaki rana ɗaya, zai tsage cikin makonni. A fara ajiye shi a rumfa, a lulluɓe shi sako-sako, ya bushe a hankali cikin watanni. A cikin ɗaki ana son damshin iska tsakanin kashi 45 da 55, amma rashin hawa da sauka ya fi lambar muhimmanci. Ƙaramin kaya da ƙwaro ke zubo wa gari, a naɗe shi a leda a tsuke, a sa a firiza mai sanyin 20 ƙasa da sifiri na mako guda ko biyu, a bar shi ya huce cikin ledarsa. Kafin komai, a ɗauki hoto ta kowane gefe da ma'auni a jiki, a kuma nemi gidan da kayan ya fito a ji ta bakinsu.

Tambaya: Ginshiƙan Haida da ke Ingila fa, za a mayar musu kamar yadda ake maganar kayan Binin? Daga wani ɗan jarida, Kaduna.

Amsa: Akwai su kuwa. Gidan tarihi na Pitt Rivers a Oksfod na da na gidan Star House daga Old Massett, mita 11 da ɗoriya, tun 1901. Gidan tarihin Birtaniya a Landan na da na ƙauyen Kayung tun 1903. An ce saye aka yi, amma ka duba lokacin: mutane sun ƙare, biki haramun ne a doka, mai sayarwa ba shi da wani zaɓi na kirki.

Maƙwabtan Haida sun karɓo nasu. Haisla sun dawo da ginshiƙin G'psgolox daga Suwidin a 2006, Nisga'a sun dawo da na Ni'isjoohl daga Sukotland a 2023. Su Haida abin da suka sa a gaba tun shekarun 1990 shi ne ƙasusuwan kakanninsu da ke akwatunan gidajen tarihi, sun kuma dawo da ɗaruruwa sun binne. Kan ginshiƙai sukan bi kowanne da irin tasa hanyar. Misali, ginshiƙin Hankaka da aka sassaƙa a Old Massett ya yi wajen shekara 90 a bakin tashar jirgin ƙasa ta Jasper, can cikin duwatsun Alberta, ana ta lafta masa fenti. Da ya gaza tsayuwa aka sauke shi a 2009, aka mayar da shi garinsu a 2010. A gurbinsa Gwaai da Jaalen Edenshaw, wa da ƙani, suka sassaƙa sabo, aka kafa shi a Jasper a 2011.